Tambayoyi da Amsoshi a kan Sabar Manhajojin Kamfanoni: Inda Take da Ƙarfi da Inda Take da Rauni

Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda shugabannin sashen kwamfuta da masu riƙe da kasafin kuɗi suka fi yi a duk lokacin da aka kawo maganar sayen sabar manhajoji ko sauya wadda ake da ita. An mai da hankali ne a kan sabobin dangin harshen rubuta manhaja na Java, wato WebLogic da WebSphere da JBoss da Tomcat da makamantansu, domin su ne suka fi daɗewa a bankuna da kamfanonin sadarwa da na inshora da ma'aikatun gwamnati.

Mece ce sabar manhajoji, kuma wane aiki take yi?

Manhaja ce da ke zaune tsakanin mai amfani da rumbun bayanai, wadda ake ɗora manhajojin kamfani a kanta domin ta tafiyar da su. Idan ma'aikacin banki ya danna maɓallin tura kuɗi, ko abokin ciniki ya duba ragowar kuɗinsa ta waya, buƙatar tana isa ga wannan saba, ita kuma ta tantance ko wane ne ya turo ta, ta miƙa ta ga ɓangaren manhajar da ya dace, ta buɗe hanya zuwa rumbun bayanai, sannan ta mayar da amsa. Dalilin ƙirƙiro ta shi ne, waɗannan ayyuka iri ɗaya ne a kusan kowace babbar manhaja, saboda haka babu ma'ana a ce kowane rukunin masu rubuta manhaja sai sun sake gina su daga tushe. Kamfanin Sun Microsystems ne ya tattara su cikin ƙa'ida guda mai suna J2EE a 1999, aka sauya mata suna zuwa Java EE a 2006, yanzu kuma ana kiranta Jakarta EE a ƙarƙashin Gidauniyar Eclipse, wadda Oracle ya miƙa wa ita a 2017.

Waɗanne ne sanannu a cikinsu, kuma su wa suka mallake su?

Amsar wannan tambaya tana da muhimmanci fiye da yadda ake zato, domin makomar saba tana bin ra'ayin mai ita. WebLogic ta shiga hannun kamfanin BEA a 1998, sannan Oracle ya sayi BEA a 2008 a kan dala biliyan 8.5. WebSphere ta IBM ce tun fitowarta a 1998. JBoss ta fara a 1999 a matsayin buɗaɗɗiyar manhaja, wato wadda kowa zai iya ganin kod ɗinta ya yi amfani da ita kyauta, a hannun Marc Fleury, Red Hat ya saye ta a 2006, daga baya aka raɗa wa nau'inta na kyauta suna WildFly, na kuɗi kuma ya ci gaba da amsa sunan JBoss EAP. Da IBM ya sayi Red Hat a 2019 a kan dala biliyan 34, sai WebSphere da JBoss, waɗanda suka yi shekaru suna hamayya, suka koma gida ɗaya. GlassFish ta Sun ce, ta faɗa hannun Oracle lokacin da ya sayi Sun a 2010, a 2013 kuma Oracle ya sanar da cewa ba zai ci gaba da sayar da tallafi ga sababbin nau'o'inta ba. Wannan ne ya haifi Payara a 2014, wadda aka gina daga GlassFish domin waɗanda aka bari ba su da mai kula da su. Tomcat kuwa tana hannun Gidauniyar Apache tun 1999.

Ina ainihin ƙarfinta yake?

Babban ƙarfinta yana wajen kula da hada-hadar da dole ta kammala gaba ɗaya ko kuma a soke ta gaba ɗaya. A ɗauki misalin tura kuɗi inda za a cire daga wani asusu da ke cikin rumbun bayanai na farko, a zuba a wani da ke cikin rumbu na biyu, sannan a aika saƙo ga sashen lissafi. Idan wuta ta ɗauke bayan an cire kuɗin amma kafin a zuba, an shiga matsala. Sabar manhajoji tana da mai kula da hada-hada wanda ke bin hanya mai mataki biyu: da farko ya tambayi kowane rumbu ko ya shirya, sai kowa ya amsa da e sannan ya ba da umarnin a tabbatar, idan kuwa ɗaya ya gaza sai a mayar da komai yadda yake. Yana kuma rubuta kowane mataki a ma'ajiya, ta yadda ko na'urar ta mutu a tsakiyar aiki, da ta farfaɗo za ta san abin da ya rage. Wannan aiki yana da wuyar rubutawa daidai, kuma sabobin da suka haura shekara ashirin ana gwada su a bankuna sun riga sun ci karo da kusan kowane irin kuskure da zai iya aukuwa. A ganina, wannan shi ne dalili mafi ƙarfi da zai sa kamfani ya biya kuɗinsu.

Ƙarfi na biyu shi ne tattalin hanyoyin shiga rumbun bayanai. Buɗe sabuwar hanya yana cin lokaci da ƙwaƙwalwar na'ura, don haka sabar takan buɗe wani adadi, misali hamsin, ta riƙa ba da aronsu ga dubban buƙatu tana karɓa, tana kuma gano waɗanda suka lalace ta musanya su. Na uku shi ne haɗa na'urori da yawa su zama gungu guda: idan ɗaya ta faɗi, sauran su ɗauki aikinta, kuma mutumin da ke tsakiyar cike fom ba zai ga an kore shi daga shafi ba, domin an riga an kwafi bayanan zamansa zuwa wata na'urar. Akwai kuma jerin gwanon saƙonni, wanda ke riƙe buƙata har sai ɓangaren da zai karɓe ta ya samu sarari, da haɗa tantance ma'aikata da rajistar kamfani guda, da allon gudanarwa inda mutum ɗaya zai ga lafiyar manhajoji goma ko fiye.

Wani abin da ba a cika ambata ba shi ne daɗewar tallafi. Kamfanin da ya sayi WebLogic ko WebSphere ko JBoss EAP yana da wanda zai kira cikin dare idan abu ya tsaya, kuma yana da tabbacin samun faci, wato gyaran kurakurai da ɓarakar tsaro, na shekaru masu yawa a kan nau'i ɗaya. Ga banki ko kamfanin inshora da masu sa ido na hukuma ke bibiya, takardar da ke nuna akwai wanda ya ɗauki alhakin manhajar tana da daraja a karan kanta.

Shin Tomcat ba ta isa ba?

Ga kamfanoni da yawa ta isa. Tomcat ba cikakkiyar sabar Jakarta EE ba ce. Tana ɗauke ne da ɓangaren da ke karɓar buƙatun yanar gizo da mayar da amsa, tare da tattalin hanyoyin rumbun bayanai, amma ba ta zo da mai kula da hada-hada tsakanin rumbuna da yawa ko jerin gwanon saƙonni ba. Manhajar da ke magana da rumbu ɗaya tak, kamar ta albashi ko ta rajistar ɗalibai, ba ta buƙatar abin da ya wuce haka. Wanda ke son ƙarin kayan ba tare da barin Tomcat ba yana iya duba TomEE, ita ma ta Apache ce.

Nawa ake kashewa a kan sabobin kuɗi?

A nan ne raunin ya fi fitowa fili, kuma ba farashin da ke kan takarda ne kaɗai matsalar ba, hanyar lissafin ce. Oracle yana ƙirga lasisin manyan nau'o'in WebLogic da yawan ƙwayoyin lissafi da ke cikin furosesa, wato ɓangaren na'ura da ke aiwatar da umarni, a ninka da wani ma'auni wanda ga furosesan Intel da AMD rabi ne. Na'ura mai furosesa biyu, kowane da ƙwaya 16, tana da ƙwaya 32, wato lasisi 16 ke nan ga na'ura ɗaya, gungu kuwa ba ya yiwuwa da na'ura ɗaya. Bayan haka ana biyan kashi 22 cikin ɗari na kuɗin lasisi kowace shekara domin tallafi da faci, ma'ana cikin shekara biyar kamfani ya sake biyan fiye da abin da ya saya da farko. Sai kuma wani tarko da ya kama kamfanoni da dama: idan aka yanka babbar na'ura gida-gida da manhaja irin VMware aka ba WebLogic ƙwaya huɗu kawai, Oracle ba ya amincewa da wannan yankan wajen lissafi, yana iya neman kuɗin dukkan ƙwayoyin da manhajar za ta iya gudana a kansu. IBM ma yana da nasa ma'aunin na ƙarfin furosesa, kuma domin a biya kuɗin wani ɓangare na na'ura kaɗai sai an girka manhajarsa ta ƙidaya ana ajiye rahotanninta. Duka kamfanonin biyu suna da damar zuwa binciken lasisi, kuma wanda aka samu da gibi zai biya.

Ita kanta Java tana iya zama abin biya. Tun Janairun 2023 Oracle ya koma ƙirga kuɗin Java ɗinsa da yawan ma'aikatan kamfani gaba ɗaya, ko suna taɓa Java ko ba sa taɓawa, farashin kuma ya fara daga dala 15 ga kowane ma'aikaci a wata. Kamfani mai ma'aikata 500 zai biya dala 90,000 a shekara. Mafita tana nan, domin akwai nau'o'in OpenJDK, wato buɗaɗɗiyar Java, na kyauta kamar Eclipse Temurin da Amazon Corretto, sai dai dole a tabbatar sabar da ake amfani da ita ta amince da su.

Ga kamfanonin Najeriya akwai ƙarin nauyi, domin da dala ake lissafin waɗannan kuɗaɗe. Kafin watan Yunin 2023 dala tana kusan naira 460 a farashin hukuma, zuwa farkon 2024 ta haura naira 1,500. Kwangilar tallafin da ba a ƙara mata ko sisi ba ta ninka sau uku a littafin kamfani, kuma bankin da babbar manhajarsa ta asusun ajiya, irin FLEXCUBE ta Oracle, ke zaune a kan WebLogic ba shi da damar cewa ya fasa.

To buɗaɗɗun sabobi kyauta ne ke nan?

Lasisinsu kyauta ne, tafiyar da su kuwa ba kyauta ba ne. WildFly tana fitar da sabon nau'i sau da yawa a shekara, kuma ba a ci gaba da yi wa tsofaffin nau'o'i faci na dogon lokaci, saboda haka wanda ya zaɓe ta ya ɗauki alƙawarin sabuntawa a kai a kai da gwada manhajojinsa kowane karo. Wanda ba zai iya ba sai ya biya kuɗin shekara na JBoss EAP ko Payara ko wani mai ba da tallafi. Kuɗin da ba a ba mai lasisi ba yakan koma albashin ƙwararru, kuma ƙwararren da ya san yadda ake daidaita ƙwaƙwalwar Java da gano dalilin da ya sa hanyoyin rumbu suka ƙare da tsakar rana ba shi da yawa a kasuwa, idan an horar da shi kuma riƙe shi wani aiki ne. Duk da haka, ga kamfanin da ke da irin waɗannan mutane, buɗaɗɗiyar saba ta fi araha nesa ba kusa ba, kuma babu fargabar mai binciken lasisi.

Tunda ƙa'ida ɗaya suke bi, ba za a iya ƙaura daga wannan zuwa waccan cikin sauƙi ba?

Haka aka yi alƙawari, amma a aikace da wuya ya cika. Kowace saba tana da nata fayilolin saiti da nata ƙarin kayan da ba sa cikin ƙa'ida, kuma a tsawon shekaru masu rubuta manhaja sukan jingina da su ba tare da sun lura ba. Rubutattun umarnin girkawa da na sa ido duk da harshen sabar ake yin su, ma'aikata kuma ita suka iya. Idan manhajar sayo ta aka yi daga wani kamfani, to shi ne ke faɗin sabar da ya amince da ita da lambar nau'inta, kuma duk wanda ya kauce ya rasa tallafinsa.

Ita ƙa'idar ma ta taɓa girgiza kowa. Da Java EE ta koma Eclipse, ba a cimma yarjejeniya da Oracle kan ci gaba da faɗaɗa javax, sunan da kayan ƙa'idar ke ɗauke da shi a cikin kod, ba, don haka Jakarta EE 9 da ta fito a ƙarshen 2020 ta sauya shi zuwa jakarta. Manhajar da aka rubuta don Tomcat 9 ba ta gudana kai tsaye a Tomcat 10 sai an juya ta. Akwai kayan aikin da ke yin juyin, na Apache da na Eclipse, kuma rubutun kamfani na kansa yakan juyu ba wahala. Inda ake makalewa shi ne tsofaffin ɗakunan kod, wato tarin kod da wasu suka rubuta ake aro, waɗanda masu su suka daina kula da su.

Yaya batun tsaro?

Wannan ne ya fi damuna a cikin dukkan raunukan, domin sabar manhajoji tana riƙe da kalmomin sirrin shiga rumbun bayanai, wanda ya karɓe ta kuwa ya karɓi komai. Tarihinta a wannan fage ba mai daɗi ba ne. A Nuwamban 2015 masu bincike suka nuna cewa ta hanyar wani ɗakin kod mai suna Commons Collections ana iya tura wa WebLogic da WebSphere da JBoss wani ƙunshin bayanai da zai sa su aiwatar da umarnin baƙo ba tare da kalmar sirri ba. A 2016 masu kutsen da ke amfani da manhajar kulle bayanai mai suna SamSam suka riƙa shiga ta tsofaffin sabobin JBoss da ba a yi wa faci ba, suna kulle bayanan asibitoci a Amurka suna neman kuɗin fansa. Daga ƙarshen 2017 aka yi ta amfani da wata ɓaraka a WebLogic ana dasa manhajar haƙar kuɗin intanet, a watan Afrilun 2019 kuma wata ɓarakar ta zama hanyar yaɗa Sodinokibi, ita ma manhajar neman kuɗin fansa. Tomcat ma ba ta tsira ba: a farkon 2020 aka bayyana ɓarakar Ghostcat, wadda ke bi ta ƙofar sadarwa mai lamba 8009 da aka saba bari a buɗe. Sai ɓarakar Log4Shell ta Disamban 2021, wadda ta tilasta wa kusan kowane mai manhajar Java bincika cikin kayansa.

Idan aka dubi waɗannan, za a ga a mafi yawansu ɓarnar ta faɗa ne a kan waɗanda suka yi jinkirin faci ko suka bar ƙofar da ba sa buƙata a buɗe ga duniya. Girman sabar yana ƙara haɗarin, domin tana zuwa da kayan da kamfani bai taɓa amfani da su ba amma suna kunne. Oracle yana fitar da facinsa sau huɗu a shekara, a Janairu da Afrilu da Yuli da Oktoba, masu kutse kuma suna nazarin facin su gano ɓarakar cikin ƴan kwanaki. Kamfanin da ke ɗaukar wata shida kafin ya samu izinin tsayar da aiki na sa'a biyu ya bar wannan tazara a buɗe. Abin da ya wajaba bai da yawa: kada allon gudanarwa ya fuskanci intanet, a rufe ko a taƙaita hanyoyin sadarwa irin T3 da ke kan ƙofa 7001 ta WebLogic, a kashe duk abin da ba a amfani da shi, a kuma sa ranar faci cikin jadawalin shekara tun kafin buƙata ta taso.

Ana cewa zamaninta ya wuce. Gaskiya ne?

Rabin gaskiya ce. Tsofaffin sabobin suna da nauyi, suna ɗaukar mintuna kafin su tashi, kuma tsarin tara manhajoji da yawa a saba ɗaya yana nufin idan guda ta cinye ƙwaƙwalwa sauran su wahala, sabunta ɗaya kuma sai an nemi yardar masu sauran. Spring Boot, kayan aikin gina manhajar Java da ta fito a 2014, ta juya tsarin: kowace manhaja tana ɗauke da ƙaramar sabarta a ciki, galibi Tomcat. Docker a 2013, mai naɗe kowace manhaja cikin nata ƙunshin da ake kira kwantena, da Kubernetes a 2014, mai tafiyar da kwantenonin, suka karɓe aikin gungu da na tayar da abin da ya faɗi. Mafi yawan sababbin ayyuka a yau ta wannan hanya ake gina su, kuma da dalili.

Sai dai masu sabobin ba su zauna ba. IBM ya fitar da Liberty a 2012, wadda ke loda abin da manhaja ta nema kaɗai kuma take tashi cikin daƙiƙoƙi, ya buɗe ta a 2017 da sunan Open Liberty; Red Hat ya fitar da Quarkus, ita ma mai saurin tashi, a 2019. Sannan rarraba manhaja zuwa ƙananan gutsattsari bai kawar da matsalar hada-hada ba, ya ɗora ta ne a kan masu rubuta manhaja, waɗanda yanzu su za su rubuta yadda za a warware aikin da ya tsaya a rabi. Kubernetes kuma ba ta fi WebSphere sauƙin koyo ba. Kamfanin da ya kasa kula da saba biyu ba zai iya kula da kwantena tamanin ba.

Ƙaramin kamfani ko matsakaici yana buƙatar ta?

Mafi yawa ba sa buƙatar saba ta kuɗi. Tomcat ko Spring Boot a kan OpenJDK, ko WildFly ko Open Liberty idan ana son cikakkiyar ƙa'idar, sun wadatar. Banda shi ne idan manhajar da kamfani ya saya ta sharɗanta wata saba, a nan kuma ya kamata a haɗa kuɗin sabar da na rumbun bayanai cikin farashin manhajar tun ana ciniki.

Mun gaji tsohuwar saba da ke aiki lafiya. Mu ƙaura ko mu bar ta?

Kafin yanke shawara a amsa tambayoyi uku da hujja a rubuce. Ta farko: shin nau'in da ake kai yana samun faci har yanzu, kuma zuwa wace shekara? Idan ba ya samu, to lafiyar da ake gani ta wucin gadi ce, kuma sabuntawa ta zama dole ko da ba za a sauya kamfanin da ke sayar da sabar ba. Ta biyu: daga cikin kayan sabar, waɗanne manhajojin ke amfani da su da gaske? Sau da yawa bincike yakan nuna cewa daga manhajoji goma sha biyu, biyu ko uku ne ke buƙatar hada-hada tsakanin rumbuna ko jerin gwanon saƙonni, sauran kuwa shafukan yanar gizo ne da za su zauna lafiya a Tomcat, kuma kwashe su kaɗai yana rage ƙwayoyin da ake biya wa lasisi. Ta uku: mutum nawa ne a kamfanin za su iya tayar da sabar daga tushe idan na'urar ta ƙone, kuma yaushe aka gwada hakan?

Idan amsoshin sun nuna ƙaura, a fara da manhajar da faɗuwarta ba za ta tsayar da ciniki ba, a tafiyar da tsohuwa da sabuwa tare na wani lokaci ana kwatanta sakamakonsu, a bar manhajar kuɗi ta zama ta ƙarshe. A kuma duba ranar sabunta kwangilar tallafi tun da wuri, domin rage yawan lasisi yana da nasa sharuɗɗan, kuma mai sayarwa yana iya sake lissafin farashin abin da ya rage, ta yadda ragin da aka sa rai ba zai kai yadda aka zata ba sai an zauna an yi ciniki a kansa kafin a sa hannu.